Hoton Da Aka Yanke

Tun ranar da Baba ya rantse cewa in dai shi ya haife ta ba za ta auri Injiniya ba, Auta ta koma kamar mai jinya. Ba ta fasa shara ba, ba ta fasa wanke-wanke ba, amma duk wanda ya kalli idanunta ya san ba lafiya ba. Da hannunta ta kashe wayarta ta miƙa wa Umma, ta ajiye mukullin ɗakin kwamfuta a gaban Baba kamar yadda ya umarta.

Ɗakin kwamfutar nan shi ne mafarin komai. Bara wata ƙungiya ta turo Injiniya ƙauyensu, ya kafa dogon ƙarfen sabis a bayan makarantar firamare, ya jera faifan sola a kan rufi, ya haɗa kwamfutoci a wani aji da aka daina amfani da shi. Kafin zuwansa, duk mai son kiran waya sai ya hau tudun bayan gari yana ɗaga hannu sama yana neman sabis. Baba, da yake shi ne kafintan garin, shi ya ƙera tebura da bencina. Auta kuwa, da ta gama kwaleji ta dawo gida, ita aka ɗauka ta riƙa koya wa mata.

Da farko Baba da bakinsa yake cewa, "Yaron nan hannunsa na aiki ne, ba ya ƙyamar ƙura."

Sai ga Mai Taki, mai shagon sayar da taki, ɗan aminin Baba, wanda ya daɗe yana neman Auta tana kaucewa. Wata safiya ya zo shagon Baba ya miƙa masa waya. A jikin wayar ga Injiniya rungume da jariri yana dariya, ga wata mace a zaune a bakin gado kusa da shi. A ƙasan hoton an rubuta: Injiniya da ɗansa, Allah ya raya mana.

Da Injiniya ya zo da yamma, Baba bai bar shi ya buɗe baki ba. Da guntun katako a hannu ya nuna masa hanya.

Yau ma Auta tana zaune a ƙofar kicin, ta tasa kwanuka a gaba ta manta da su. Umma ta fito ta tsaya a kanta.

"Auta, so kike ki kashe kanki a banza? Dubi wuyanki, duk ƙashi ya fito."

"Umma, ni ba auren da aka hana ne ya fi ci min rai ba." Ta share ido da bakin zani. "Ni ƙaryar ce. Na tambaye shi, Umma, na ce ka taɓa aure? Ya kalli tsakiyar idona ya ce a'a. In mutum kamarsa zai yi min ƙarya, to wa zan sake yarda da shi a duniya?"

"Maza kenan, 'yar nan. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan. Wa ya san abin da ya bari a baya?"

"Wallahi wani lokacin sai zuciyata ta ce min ba haka ba ne. Sai kuma hoton ya faɗo min a rai, in ga yadda yake dariya, in ga yadda ya riƙe yaron..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Umma ta durƙusa ta janyo ta jikinta, ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Ki yi haƙuri. Mahaifinki ba ƙin ki yake ba. Jiya ma baban Mai Taki ya sake zuwa, kuma kin san nauyinsa da yake ji."

"Don Allah Umma, ki roƙar min shi. Na haƙura da Injiniya, na yi wa Baba alkawari ba zan sake yi masa magana ba, kuma ban yi ba. Amma kada a haɗa ni da mutumin da ya kawo hoton nan yana murmushi. Na gan shi ta taga, Umma. Murmushi yake yi."

Sallamar Kaka ce ta katse su. Mahaifiyar Baba ce, gidanta yana ƙarshen layi. Ta shigo tana dogara sanda, tabarau a karan hanci, wayarta a ɗaure a gefen zani. Duk cikin ɗaliban Auta ita ce mafi tsufa, ita ce kuma mafi surutu. Linzamin kwamfuta ma ta ƙi kiransa da sunansa, ɓera take ce masa.

"To, ana nan ana ta aikin kukan? Ke ja'ira, kin rufe mana makaranta, kin bar mu muna hamma. Ga shi har na fara manta inda harafin sunana yake."

"Kaka, ba ni na rufe ba."

"Na sani, wancan mai taurin kan ne. Matso nan. Hoton angon nawa ya iso wayata, yaran gari sai yawo suke da shi. Na ce bari in ga wadda ta ƙwace min miji."

Auta ta kawar da kai. "Kaka, don Allah ki bari. Ba na son ganinsa."

"Za ki gan shi kuwa. Ba ke kika koya mana a sa yatsa biyu a buɗe hoto ya yi girma ba? To na buɗe. Faɗa min, hannu nawa angon nawa yake da shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa min dai."

"Biyu mana."

"Madalla. Ga ɗaya a ƙarƙashin kan yaro, ga ɗaya a ƙarƙashin ƙafafunsa. To wannan da ke kan kafaɗar matar, na uban wa ne?"

Auta ta fizge wayar. A can gefen hoton, daidai inda ya ƙare, ga yatsu huɗu baƙaƙe masu kauri a kan kafaɗar matar, ga bakin hannun wata shuɗiyar riga. Ta ƙara buɗe hoton. A bangon baya ga wata takardar rigakafi da aka manna a karkace, ga koren fenti da ya ɓare.

"Umma!" Ta miƙe tsaye, kwanuka suka watse. "Na san ɗakin nan! Asibitin ƙauyen ƙetaren kogi ne. Nas ɗinsu ni na koya mata aika rahoto ta kwamfuta, kullum wannan bangon nake gani a bayanta. An yanke hoton nan, Umma, akwai mutum a gefe!"

Kaka ta karɓe wayarta ta mayar gefen zani. "Ɗauko mayafinki."

Shagon Baba yana bakin hanya, rumfar kwano ce a buɗe ta gaba. Suka tarar da shi ya danne katako da gwiwa yana yanka, garin katako ya yi masa fari a gemu. A kan wani benci da ba a gama ba Mai Taki ne zaune, ya sha farar shadda, yana kaɗa mukullin mota a yatsa. Da ya ga Auta sai ya gyara zama.

"Kafinta, ajiye zarton nan," in ji Kaka.

Baba ya ajiye, ya rusuna. "Inna, da kin aiko ai da na zo."

"Ƙafata ba ta mutu ba. Ba ni mukullin ɗakin karatunmu."

Baba ya kalli Auta, fuskarsa ta ɗaure. "Inna, na riga na yanke magana."

"Ka yanke magana a kan yankakken hoto. Duba nan."

Ta tura masa wayar har hanci. Baba ya goge hannu a rigarsa, ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Mai Taki ya miƙe yana leƙe.

"Ai Kaka, wannan ba komai ba ne, ƙila wani ɗan barka ne ya..."

"Da kai nake? Ɗan barka ne zai dafa matar mutane a gaban mijinta?"

Auta ta durƙusa a cikin garin katakon, ba ta damu da zaninta ba.

"Baba, ban karya alkawarinka ba, kuma ba zan karya ba. Ba shi zan kira ba. Nas ɗin asibitin zan kira, a gabanka, kana ji kana gani. In ta ce matarsa ce, wallahi Baba ko sunansa ka sake ji a bakina ka yi min duk hukuncin da ka ga dama. Amma in ba haka ba ne fa? Kai ka koya min kada in ɗauki alhakin mutum."

Hawaye suna zuba, ba ta share ba. Baba ya kalle ta, ya kalli mahaifiyarsa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro mukullin.

Ɗakin kwamfuta ya yi ƙura. Auta ta buɗe tagogi, ta yaye zanin da ake rufe kwamfutoci da shi, ta duba batir ta ga a cike yake. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Mai Taki ya biyo su, ba don yana so ba, sai don Kaka ta ce masa, "Kai ka kawo kaya, kai za ka tsaya a kwance su." Kafin kwamfutar ta gama tashi, matan aji da suka hango taga a buɗe sun cika baranda.

Kiran ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Auta ta sake dannawa.

Sai ga fuskar Nas ta cika allon, da farar hula, ga koren bangon nan a bayanta.

"Malama! Ina kika shiga? Ina ta neman wayarki a kashe."

"Anti Nas, ina wuni. Mahaifina ne a nan da kakata. Tambaya gare mu, don Allah ki faɗa mana gaskiya." Ta ɗaga wayar Kaka ta saita ta. "Kin san wannan hoton?"

Nas ta matso da fuska. "Ni na ɗauke shi ai. Amma ina sauran? Ina mijin? Ina ungozoma?"

Baranda ta ɗauki salati.

"Wane mijin?" Muryar Baba ce. Bai san lokacin da ya baro bakin ƙofa ba.

"Ina wuni Baba. Mijin mai jegon mana, masunci ne a nan garin. Ai labarin yaron nan babu wanda bai sani ba a wajenmu. Da damina ne, kogi ya cika ya shafe hanya, ko kwalekwale ba ya ƙetarawa. Aka kawo ta haihuwa ta zo da gardama, yaro ya juyo ta ƙafa, ni kuma ban taɓa karɓar irinta ni kaɗai ba. Na kira likita a birni ta nan kwamfutar, yana cikin nuna min yadda zan yi sai iska ta juya eriyar, kira ya yanke. Allah ya sa Injiniya yana garin, ruwa ya tsare shi. Baba, a cikin ruwan nan da iska ya hau ƙarfen sabis ɗinmu. Ƙusar da ke riƙe eriyar ta karye, babu halin gyara, sai ya rungume ta da hannu ya saita ta, ya zauna a haka har likita ya gama da ni, har yaro ya yi kuka. Da ya sauko yatsunsa ba sa miƙuwa, ni na gasa masa su da ruwan zafi."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"Shi ya sa uban ya sa wa yaron sunansa. Duk garin nan ɗan Injiniya ake ce masa. Tsaya ma, ga uban can yana gyaran koma a ƙarƙashin bishiya. Kai! Zo, zo ka ga abin da aka yi maka!"

Wani ƙaton mutum baƙi ya sunkuyo cikin allon yana haki. Da aka nuna masa hoton sai ya dafe ƙirji.

"Wa ya yanke ni? Don hoton nan fa na sa sabuwar rigata! Shuɗiya, ɗinkin birni! Yanzu duk rigar nan yatsu huɗu kawai aka bar min?"

Matan baranda suka fashe da dariya. Auta ma dariyar ta zo mata, amma sai ta haɗe da kuka, ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa. Wani nauyi da ya daɗe a ƙirjinta ta ji yana sauka a hankali, har sai da ta ja numfashi mai tsawo irin wanda ta manta rabonta da shi.

Baba ya zauna a kan bencin da ya ƙera da hannunsa. Ya cire hula ya riƙe. Sannan ya juya wajen Mai Taki.

"Ɗana, a haka hoton ya zo maka?"

"Wallahi Baba, turo min aka yi."

"Wa ya turo maka?"

Mai Taki ya duba wayarsa, ya duba ƙofa.

"Ina jin an kawo min kaya a shago," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Je ka," in ji Kaka, "taki ba ya son jira, wari yake yi."

Matan suka dare suka ba shi hanya, ba wadda ta ce masa sai an jima.

Baba ya miƙo hannu ya dafa kan Auta. Rabon da ya yi haka tun tana 'yar firamare.

"Uwata, ɗago ki dube ni. Na zalunci yaron nan, ke ma na zalunce ki. Ya zo da ƙafarsa zai yi min bayani na kore shi kamar ɓarawo. Tsoro ne ya rufe min ido. Ke kaɗai kika rage mana a gida, na ce kada wani ya ɗauke ki ya je ya wulaƙanta min ke a inda ba na gani."

"Baba, don Allah ka daina. Ni ma ai na yarda da hoton."

"Ke yarinya ce, ni ne babba. Ki yafe min."

"Ba ka yi min komai ba, Baba. Wallahi ba ka yi min komai ba."

Ya mayar da hularsa, ya yi gyaran murya, ya koma Baban da ta sani. "Je ki karɓi wayarki wajen uwarki. Ki ce masa ina son ganinsa a shago. Kuma ki ce ya zo da yunwarsa, a gidana zai ci abinci."

Da ta kunna wayar, saƙonni suka yi ta shigowa har ta yi zafi a hannunta. Ba ta iya karanta ko ɗaya ba saboda hawaye. Kalma uku ta rubuta: Baba na kira.

La'asar ba ta yi sanyi ba aka ji ƙarar babur ɗinsa. Ta leƙa ta katanga ta hango shi a shago, ya durƙusa, Baba yana ɗago shi da hannu biyu. Ya rame, wandonsa duk jar ƙasa, igiyar hawa ƙarfe tana rataye a kafaɗarsa. Da alama daga kan aiki ya taho.

Sai da aka jima aka ce ta fito. Ya tsaya a inuwar bishiyar ƙofar gida, ita kuma ta tsaya ɗan nesa tana murza bakin mayafi.

"Malama."

"Injiniya."

"Kin rame."

"Kai ma ai ba ƙiba ka yi ba." Ta sunkuyar da kai. "Me ya sa ba ka taɓa ba ni labarin hawan nan ba?"

"Da na faɗa miki, da kin hana ni sake hawa in hadari ya haɗo."

"Da na hana ka kuwa. Kuma yanzu ma na hana." Ta ɗago ta dube shi. "Ka yafe min. Na zarge ka. Da bakina na ce wa Umma maƙaryaci ne kai."

"Ko ni aka nuna wa hoton nan sai na zargi kaina. Ya wuce, Malama. Baba ya ce in turo manyana."

Ta rufe fuska da tafin hannu, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Sai dai da ta buɗe ido ta ga shi bai yi dariya ba, yana ta juya hular kwanonsa.

"Mene ne kuma?"

"Akwai wata 'yar magana. Da abin nan ya faru, na kira Hajiyarmu ina cikin ɓacin rai, na ce mata an hana ni ke. To... ba ta yi baƙin ciki sosai ba. Dama akwai 'yar ƙanwarta da ta daɗe tana yi min tayi. Ɗazu a hanya na kira ta in ce mata an shirya, sai ta ce ai ta riga ta yi magana da dangi." Ya rage murya. "Gobe za ta taho nan. Ta ce tana so ta ga garin da aka kori ɗanta da katako. Kuma tare da yarinyar za su zo."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Da jiya ne aka faɗa mata wannan, da sai an ɗauke ta daga wurin. Yau kuwa ta laluba zuciyarta ta ji ba ta girgiza ba. Mutumin nan bai yi mata ƙarya ba, Baba kuma ya sa albarka.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce mata ni na riga na zaɓa."

"To Allah ya kawo su lafiya."

Daga bayan ƙofa aka ji an buga sanda a ƙasa. Kaka ta leƙo, tabarau a karan hanci, ko kunyar laɓewar da ta yi ba ta ji ba.

"Motar ƙarfe nawa za su shigo?"

"Ta hantsi, Kaka."

"Madalla. Ke ja'ira, je ki goge min zanina mai ruwan zuma. Ni zan tare su a tasha."